Rajistar Masu Zaɓe Ta Intanet: Ina Rabon Mutanen Wurno?

A ranar 28 ga watan Yuni na shekarar 2021 ne Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, wato INEC, a ƙarƙashin shugabanta na lokacin Farfesa Mahmood Yakubu, ta buɗe kafar intanet inda ɗan ƙasa zai fara rajistar zaɓe daga wayarsa ko kwamfuta. Mutum zai shigar da sunansa da shekarunsa da adireshinsa, a ba shi ranar da zai je ofishin hukumar a ɗauki hoton yatsunsa da na fuskarsa. Hukumar ta sake buɗe wannan kafa ranar 18 ga Agusta, 2025, domin shirin zaɓen 2027.

Babu shakka wannan ci gaba ne, to amma alƙaluman da hukumar da kanta ta bayar abin dubawa ne. Lokacin da aka rufe rajista ranar 31 ga Yuli, 2022, mutum fiye da miliyan 10 ne suka fara ta intanet, amma waɗanda suka je suka kammala ba su kai miliyan 3 da rabi ba. Wato sama da mutum miliyan 7 sun cike takarda sun tsaya nan, kuma babu ɗayansu da ya sami katin zaɓen 2023 ta wannan hanya. Ashe ke nan wuyar aikin tana wajen zuwa gaban na'ura.

Wannan magana ta fi shafar wurare irin su Wurno, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu a kudancin Jihar Jigawa, da ƙauyukan maƙwabciyarta Gwaram. Galibin jama'ar wannan yanki manoma ne da makiyaya. Ofishin hukumar yana hedkwatar ƙaramar hukuma, saboda haka mutumin ƙauye sai ya biya kuɗin mota ko na babur, ya bar aikin yini guda, ya bi layi. Bugu da ƙari, a 2021 da 2025 duka cikin damina aka buɗe rajistar, lokacin da manomi ba ya iya barin gonarsa. Matan aure kuwa, waɗanda sau da yawa ba su da babbar waya ta kansu, wahalarsu ta ninka ta maza.

Idan aka waiwaya baya za a ga bambanci. A farkon 2011, zamanin Farfesa Attahiru Jega, hukumar ta kai na'urorin ɗaukar bayanai rumfunan zaɓe kusan dubu 120, aka yi wa mutum fiye da miliyan 73 rajista cikin 'yan makonni. A lokacin na'ura ce ta je wurin jama'a. Ko a 2022 ma sai da hukumar ta koma zagayawa da na'urorinta mazaɓa mazaɓa, daga cikin mazaɓu 8,809 da ke ƙasar nan, domin ta cim ma mutanen karkara.

Akwai kuma wata asarar da rashin sani ya jawo. Daga cikin mutum miliyan 12 da dubu 298 da suka kammala rajista, hukumar ta soke fiye da miliyan 2 da dubu 780 bayan na'ura ta tantance yatsu da fuskoki, akasari saboda sun yi rajista fiye da sau ɗaya. Wanda katinsa ya ɓata ko ya lalace, ko ya sake wurin zama, ba ya bukatar sabuwar rajista. A kafar nan zai nemi a sake masa kati ko a mayar da shi rumfar da ke kusa da shi. Yin rajista sau biyu laifi ne a Dokar Zaɓe.

Abin da ke cikin wannan al'amari ba ƙarami ba ne, domin ɗan siyasa yana auna gari ne da yawan ƙuri'unsa, kuma garin da sunayensa suka yi kaɗan a kundi, muryarsa takan yi rauni a wajen rabon hanya da asibiti da rijiyar burtsatse.

Saboda haka ya kamata hukumar ta riƙa haɗa kafar intanet da zagayen na'ura zuwa mazaɓu, musamman da rani da kuma ranakun kasuwa, ta sanar da dagatai da masu unguwanni tun da wuri. Malaman makaranta da ma'aikatan ƙananan hukumomi da ɗaliban da ke zuwa hutu gida su ma suna da nasu aikin: su taimaka wa iyaye da ƙanne wajen cike bayanai, su kuma fahimtar da su cewa ba a gama rajista ba sai an ɗauki hoton yatsa, an kuma karɓi kati a hannu.