A Kai Yaran Makarantar Lahadi Kurmi

Yaranmu na birni suna iya haddace ayoyi game da halitta, amma ku tambaye su bambancin ɗorawa da kaɗanya, sai su yi zuru. Buhun gawayi ne suka sani, itacen da aka sare aka ƙona kuwa ba su taɓa ganinsa a tsaye ba.

Shawarata ita ce kowace ikkilisiya ta ware Asabar ɗaya cikin rani, iyaye da yara su yi zagaye da ƙafa a kurmi mai rafi. A Filato akwai dajin Amurum kusa da Laminga, gabas da Jos, inda Jami'ar Jos take da cibiyar binciken tsuntsaye. A kan tudun nan ne aka samu wani ɗan jan tsuntsu mai zama cikin duwatsu, wanda masana ba su sa masa suna ba sai 1998. Ga kuma Assop, ruwa yana gangarowa ƙarƙashin manyan itatuwa.

Wasu dattawa za su ce daji wurin tsafi ne. Wa ya dasa shi? Aikin fari da aka ba Adamu a Farawa 2:15 kula da gona ne, kuma yaron da bai taɓa shan inuwar maɗaci a bakin rafi ba, da wuya ya hana a sare shi.

A nemi izinin masu kula da wurin, a tambayi mutanen gari lafiyar hanya. A fita da sassafe, a yi tafiya daidai ƙarfin kaka da jikanta, zumuntar mata kuma ta taimaka da kunu.