ABIN DA KUƊI BA SU SAYA WA MATAN BANGALORE BA

Ran 17 ga watan Maris, 2024, a birnin Delhi na ƙasar Indiya, ƙungiyar mata ta Royal Challengers Bangalore ta ci kofin gasar kurket ta mata da a ke kira WPL. Mai karatu ya iya tambaya, ina ruwanmu da wasan da a ka yi a wata uwa duniya? To, ruwanmu shi ne, shekara guda kafin wannan rana ƙungiyar nan ta zama abin dariya, ga ta kuwa da 'yan wasa mafi tsada. Yadda ta tashi daga can ta kai ga kofi abu ne da ya kamata kowane malamin makaranta da kowane ma'aikacin ofis ya tsaya ya duba, domin magana ce ta yadda a ke renon mutane.

Bari mu fara bayyana wasan ga wanda bai san shi ba. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Ɗaya yana jifa da ƙwallo yana neman sanduna uku da a ka kafa, ɗaya yana tsaye da faffaɗar sanda yana karewa, yana bugun ƙwallon don ya sami maki. Jifa shida su ne zubi guda, a irin wannan gasa kuwa zubi 20 a ke ba kowane ɓangare. In an fitar da masu bugu goma, aikin wannan ɓangare ya ƙare ko da zubinsu bai cika ba.

Hukumar kurket ta Indiya ita ta kafa gasar a 2023. Ta sayar wa kamfanoni izinin mallakar ƙungiyoyi biyar a kan kuɗi wajen rupi miliyan 46,700, masu Bangalore su ka biya miliyan 9,010 daga ciki. Sa'an nan a ka yi gwanjo a birnin Mumbai cikin watan Fabrairu, watau kowace ƙungiya ta taya 'yar wasan da ta ke so ta yi mata aiki. An ba kowace ƙungiya iyakar rupi miliyan 120. Bangalore ta taya Smriti Mandhana miliyan 34, ba wadda ta kai ta tsada ran nan, ta kuma naɗa ta shugabar 'yan wasa. Ta ƙara da Richa Ghosh miliyan 19, da Ellyse Perry ta Ostireliya miliyan 17, da Renuka Singh miliyan 15. Mutum huɗu ke nan su ka kwashe miliyan 85 cikin 120.

Jama'a su ka ɗauka kofi ya samu. Da a ka shiga fili sai ƙungiyar ta sha kaye sau biyar a jere. Cikin wasa takwas biyu kaɗai ta ci, ta ƙare ta huɗu cikin biyar. Ita Mandhana mai tsadar nan maki 149 ta tara duk shekarar.

A nan ne masu ƙungiya su ka yi abin da mu ke yaba musu. Da sun bi surutun 'yan kallo da sun tuɓe Mandhana. Sai su ka bar ta a matsayinta, su ka kawo sabon mai horarwa, Luke Williams daga Ostireliya, su ka sallami waɗansu 'yan wasa, su ka riƙe waɗansu ƙanana da ba a san su ba. Cikin waɗanda a ka riƙe akwai Asha Sobhana, mutuniyar jihar Kerala, wadda ta haura shekara 30 ba ta taɓa yi wa ƙasarta wasa ba, da Shreyanka Patil, yarinya 'yar shekara 21. Kowace rupi miliyan ɗaya a ka taya ta, watau mafi ƙarancin farashi. A ka ɗauko kuma Sophie Molineux ta Ostireliya a kan miliyan 3, bayan ta daɗe tana jiyyar rauni. Su ukun nan masu jifan murɗe ne, watau ba ƙarfi su ke sa wa ƙwallo ba, murza shi su ke yi da yatsu ko wuyan hannu ya karkace in ya taɓa ƙasa.

Shekarar 2024 ma ba a kan tabarma su ka same ta ba. Wasansu na fari da UP Warriorz da maki 2 rak su ka tsira, ran nan Asha ta fitar da mutum biyar. Cikin wasa takwas su ka ci huɗu, a ka cinye su huɗu, har da wanda Delhi ta cinye su da maki ɗaya a jifan ƙarshe. Bayan kwana biyu Perry ta fitar da mutum shida na Mumbai a kan maki 15, ƙungiyar ta sami matsayi na uku. A wasan neman shiga ƙarshe su ka sake gamuwa da Mumbai, masu riƙe da kofin 2023. Bangalore ta tara maki 135, Perry ta ba da 66 daga ciki. Saura zubi uku Mumbai na neman maki 20 kurum, abu mai sauƙi. Mandhana ta miƙa ƙwallo ga Shreyanka, sa'an nan Molineux, sa'an nan Asha. Mumbai ta tsaya a 130.

Ranar ƙarshe Delhi ta fara bugu, ta kai maki 64 ba a fitar da kowa ba. Molineux ta fitar da mutum uku cikin zubi guda, Shreyanka ta fitar da huɗu, Asha biyu, Delhi ta watse a kan 113. Mandhana da Perry da sauran manya su ka bi a hankali su ka cika makin. Mai karatu ya lura: tara daga cikin goman da a ka fitar ran nan aikin mata uku ne waɗanda kuɗinsu duka rupi miliyan 5 ne.

Kada wani ya ce mun raina manyan. Perry ita ta fi kowa maki a gasar, 347, Mandhana kuwa ta ninka na shekarar da ta wuce, ta kai 300. Amma a 2023 ma suna nan a ka sha kaye. Shekarar 2025 ta ƙara tabbatar da zancen: rauni ya hana Shreyanka da Asha da Molineux wasa, Mandhana da Perry suna fili, ƙungiyar ta koma ta huɗu. Dokar gasar kanta haka ta nufa, gama ta iyakance yawan baƙin da za a sa cikin mutum 11, tilas mafi yawa su zama 'yan ƙasa. Ƙungiyar da ba ta reni na gida ba, kome kuɗinta, ba ta da inda za ta sayo su.

Mun san akwai masu ƙyamar wannan sha'ani, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa tayin mutum a gwanjo bai dace da mutunci ba, kuma kuɗi irin wannan ya kan ruɗi yara su saki karatu. Na farko dai aikin 'yan makonni a ke taya, kamar kowace kwangila. Na biyun kuwa gaskiya ne. Ƙungiyoyi biyar, kowace ba ta wuce mutum 18 ba, gurbi 90 ke nan a ƙasar da mutanenta su ka haura miliyan 1,400. Malamin da ya yi wa yarinya alkawarin arziki ta hanyar wasa ya cuce ta. Abin da wasa ke ba kowace yarinya tabbas shi ne lafiyar jiki, da bin doka, da jure kaye ba tare da fushi ba, da sanin cewa aikin taro ya fi na mutum guda.

Kurket ba baƙo ba ne a ƙasar nan. An buga shi a Kwalejin Katsina tun zamanin da Sardauna Ahmadu Bello ke ɗalibi, amma 'yan maza kaɗai a ka ba sanda. A watan Janairu na 2025 kuwa, a ƙasar Malesiya, 'yan matan Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 19 su ka je gasar duniya karo na fari, su ka cinye Niyu Zilan da maki 2. Ashe baiwar tana nan, reno ta ke jira.

Saboda haka muna kira ga shugabannin makarantun 'yan mata, da kwalejojin horon malamai, da akawunan da ke tsara kasafin ilmi. Sa'ar motsa jiki da ke cikin jadawali a yi ta da gaske, kada a mai da ita lokacin shara da ɗiban ruwa. A horar da malamai mata da za su riƙe ta, a keɓe fili, a yi sutura wadda iyaye za su yarda da ita, gama ba abin da ke cikin wasan nan da ya hana suturta jiki. In an sayi kayan wasa a kai su makarantun ƙauye ma, kada su tsaya a babbar makarantar birni. Malamar da ta kai yara gasa a ka cinye su, a ba ta wata shekara kamar yadda a ka ba Mandhana. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Asha Sobhana ta sa rigar Indiya karo na fari a 2024 tana da shekara 33, bayan wannan gasa. Shekarun da ta yi tana jifa ba wanda ya san ta, akwai malaman da ba su sallame ta ba. Irin waɗannan malamai mu ke nema a makarantunmu. Allah ya ba mu su, ya kuma ba hukuma haƙurin riƙe su.