Kuɗin Ƙofa

Tun 1997 ake nuna The Lion King, wasan waƙa da rawa, a Broadway ta birnin New York. Kafin ƙarshen 2013 ya tara fiye da dala biliyan 1 daga kuɗin shiga. A shekarar nan ce Bolanle Austen-Peters ta fito da Saro a Legas, jama'a suka yanki tikiti suka shiga.

Mu fa? Tashe cikakken wasan kwaikwayo ne, da waƙarsa da rawarsa, amma mun bar wa yara shi, muna sallamarsu da 'yan canji. Kada wani ya fake da talauci. Mubi, inda ake lodin shanu zuwa kudu, inda fatake ke shigowa daga Kamaru, ba za ta rasa kuɗin ƙofa ba. Har yanzu kallon maroƙi muke yi wa ɗan wasa, shi ya sa. Attajiri zai yi wa makaɗi liƙin dubbai a gidan biki don a ambaci sunan mahaifinsa. Amma ran da ɗalibai suka shirya wasa suka sa kuɗin shiga, shi ne zai fara aikowa a ajiye masa kujerun gaba kyauta, shi da 'yan rakiyarsa.