LAFIYA UWAR JIKI: Tabarau na mai moto

Yau moto ya shiga kowane ƙauye. Manomi na ɗora buhun hatsi a kansa ya tafi kasuwa. Makiyayi na hawansa ya je neman rijiya da wurin kiwo. Amma mutane da yawa su na hawa da ido buɗe. Rawani ya na rufe hanci da baki, ido kuwa ba shi da kariya.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ta na ɗauke da ƙura. Da damina, ƙwari ke fitowa da magariba su bi hasken fitila. Bisa babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta bi Ƙwanni da Maraɗi zuwa Damagaram, tayoyin manyan motoci su na harbo tsakuwa.

Ga lissafi mai sauƙi. Moto mai gudun kilomita 60 a awa ya na cin kusan mita 17 cikin daƙiƙa ɗaya. In ƙwaro ya faɗa wa mutum ido, ya runtse daƙiƙa 2, ya yi tafiyar mita 33 ba ya ganin kome. Cikin mita 33 ɗin nan akwai rami, akwai amalanke, akwai yaro mai koro awaki.

Saboda haka mai moto ya na bukatar tabarau. Amma ba kowane tabarau ke tsare ido ba. Wanda samari ke sa wa don ado, iska na shiga ta gefensa, ƙura kuma ta bi ta. Ga abubuwa 5 da mai saye zai duba:

1. Ya rufe ido duka. Tabarau na moto ya na da soso a gefe wanda ke manne wa fuska, da igiyar roba mai zagaya kai. In an sa shi, a girgiza kai. In ya zame, a bar shi.

2. Kada madubinsa ya zama na kwalba. Kwalba in tsakuwa ta buge ta sai ta tarwatse, ɓaraguzanta su shiga ido. A nemi na roba mai ƙarfi, wadda a ke ce wa polikarbonat. Ita ba ta fashewa da sauƙi.

3. Ya nuna hanya daidai. A riƙe shi nesa da fuska, a dubi bakin ƙofa ta cikinsa, a ɗan motsa shi. In ƙofar ta karkace, madubin ba shi da kyau. A kuma sa shi a duba dama da hagu, a tabbata bai tare ganin gefe ba.

4. Ya kasance da ƴan ƙananan ramuka na shan iska. In babu su, zufa na sa madubi ya yi hazo.

5. A duba launinsa. Baƙi na rana ne kaɗai. Da dare ya na rage gani, mutum bai ganin jaki sai ya iso kansa. Mai tafiyar asuba ko ta dare ya sayi fari mai haske. In kuɗin guda ɗaya gare shi, fari ya fi, don ya na aiki dare da rana. Mai son baƙi ya nemi wanda aka rubuta wa UV400. Wannan alama na nufin ya na tare hasken rana mai cutar da ido, wanda ke cikin abubuwan da ke kawo yanar ido.

A je kasuwa da hular kwano a gwada su tare, don wani tabarau ba ya zama cikin wata hula. Tabarau kuma bai maye gurbin hula ba: shi na ido ne, ita ta kai.

Bayan saye sai kulawa. Kada a goge madubi da bakin rawani alhali ƙura na kansa, don yashi ya na karce shi. A zuba ruwa tukuna, sa'an nan a goge da tsumma mai laushi. In ya karce ƙwarai, fitilar motar da ke tahowa za ta watsu cikinsa ta kashe ido. Lokacin canji ya yi.

In wani abu ya faɗa ido, a tsaya gefen hanya. Kada a murza. A wanke da ruwa mai tsabta da yawa. Kada a sa tozali ko ruwan ganye. In zafi bai daina ba, ko gani ya ragu, a tafi likita ran nan. In abin ya soki ido, kada a taɓa shi, a tafi nan da nan.

Kuɗin tabarau bai kai na akuya ba. Ido kuwa ba a sayar da shi a kasuwa, da shi a ke noma, da shi a ke karatu. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa maƙwabcinsa mai moto.