Fansho ya tsira daga haraji, ribarsa fa?

Tun da sabuwar dokar haraji ta fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2026, tsoffin ma'aikata a Sakkwato ke tambayar juna ko fanshonsu zai sha yanka. Ba zai sha ba. Dokar Fansho ta 2014 ta riga ta keɓe daga haraji kashi 8 cikin 100 da ma'aikaci ke zubawa da kashi 10 na wanda ya ɗauke shi aiki, sabuwar dokar kuma ta bar fansho da garatuti yadda suke. Malamin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ya ajiye aiki zai karɓi haƙƙinsa cif. Mun yaba da wannan.

Damuwarmu na farawa ne ranar da kuɗin suka shigo hannu. Dattijon da ya zuba garatutinsa a ajiyar banki mai wa'adi, ko takardun bashin gwamnati na gajeren zango, ko hannun jarin kamfani, za a zare kashi 10 na ribarsa tun kafin ya ji ƙarar alat. Babu ruwan wannan yanka da ƙanƙantar ribar: mai naira dubu 50 da mai miliyan 50 wuƙa ɗaya ce. Alhali sabuwar dokar harajin nan ce ta yafe wa mai samun naira 800,000 a shekara harajin albashi. Me ya sa tausayin bai kai ga tsoho mai rayuwa da ribar guminsa ba?

Kuma wace riba? A Disamban 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100. Wanda aka ba ribar kashi 20 a lokacin, asara ya tafka, aka kuma caje shi haraji a kan asarar. Takardun lamunin Gwamnatin Tarayya na dogon zango suna nan ba haraji, amma masu dillalai a Legas suka fi sanin hanyarsu.

Da yawa a garin nan ma ba sa kusantar kuɗin ruwa. Sai ka ga mutum ya nufi kasuwar Kara ya sayi bijimai biyu na kiwo, ko ya cika rumbu da albasa yana jiran farashi, rabinta ya ruɓe kafin damina. Nawa ne cikinsu aka taɓa zaunarwa aka yi wa bayanin sukuk, takardun gwamnati marasa ruwa da ake sayarwa tun 2017, ko Asusu na Shida marar ruwa da hukumar fansho PenCom ta buɗe?

Harajin da ake zarewa daga ribar ɗaiɗaikun mutane asusun jiha yake shiga. Saboda haka Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Jihar Sakkwato ta hau Rediyon Rima ta yi wa jama'a bayani da Hausa, ba boko. Wakilanmu a Majalisar Tarayya kuma su kai ƙudurin da zai yafe wa 'yan fansho wannan kashi 10, muddin ribar shekara ba ta wuce naira 800,000 ba.