Ranar da Ungulu Ta Daina Jewa

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Hausa kafin shekarun 1990 ya san cewa ba a raba mayanka da ungulu. Tun da sassafe akan tarar da ungulaye jere bisa katanga ko a kan tsamiya, suna jiran mahauta su gama fiɗa su watso musu abin da ba a so. Yau kuwa a garuruwa da dama na Arewacin Nijeriya yaro kan gama firamare bai taɓa ɗora ido a kan ungulu ba, sai dai ya ji sunanta a karin magana. Mutane kaɗan ne abin ya dama, domin ungulu tsuntsuwa ce marar farin jini: ga sanƙo, ga cin mushe, ga shi kuma ba a cin namanta. Sai dai binciken da masana muhalli suka gudanar cikin shekaru ashirin da suka wuce ya nuna cewa wannan halin ko-in-kula kuskure ne mai tsada, kuma ya kamata a ɗauki ɓacewar ungulu a matsayin matsalar lafiyar jama'a, daidai da matsalar ruwan sha ko ta kwashe shara.

Hujja mafi ƙarfi a kan haka daga ƙasar Indiya ta fito. Har zuwa farkon shekarun 1990 ungulayen Indiya sun kai miliyoyin gomomi, kuma su ne ke cinye mushen shanu, waɗanda mafi yawan mutanen ƙasar ba sa cin namansu saboda dalilin addini. Kwatsam sai tsuntsayen suka shiga mutuwa ba ƙaƙƙautawa, har wani nau'i daga cikinsu, mai farin ƙugu, ya ragu da kashi 99.9 cikin ɗari tsakanin 1992 da 2007. An daɗe ana zaton annoba ce. Sai a shekarar 2004 wani likitan dabbobi Ba'amurke mai suna Lindsay Oaks da abokan aikinsa, waɗanda suka yi bincike a Pakistan, suka gano cewa maganin rage zafin ciwo ne da ake kira dikilofenak, wanda ake yi wa shanu allurarsa. Idan saniya ta mutu 'yan kwanaki bayan allurar, ungulun da ta ci namanta sai ƙodarta ta lalace, ta mutu cikin kwanaki ƙalilan. Da yake ungulaye a taro suke cin abinci, mushe guda ya isa ya hallaka garke. Indiya da Pakistan da Nefal sun haramta amfani da maganin ga dabbobi a 2006, amma a lokacin aikin gama ya riga ya gama.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi dacewa a tsaya a kansa. Mushen da a dā ungulaye kan mayar ƙashi cikin abin da bai kai sa'a guda ba, sai ya koma yana kwanaki yana ruɓewa a bayan gari, wani kuma a jefa shi kogi. Karnukan da ba su da masu su suka sami abinci a yalwace, suka hayayyafa, ciwon haukan kare ya sami hanyar yaɗuwa. A shekarar 2024 wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, suka kwatanta adadin mace-macen mutane a gundumomin Indiya da a dā suke da ungulaye da yawa da na waɗanda dama ba su da su. Kafin ɓacewar tsuntsayen, yanayin mace-mace a ɓangarorin biyu tafiya ɗaya yake yi. Bayan ɓacewarsu sai na gundumomin ungulaye ya ƙaru da fiye da kashi 4 cikin ɗari, wanda suka ƙiyasta ya kai mutum kusan rabin miliyan tsakanin 2000 da 2005. Haƙiƙa wannan ƙiyasi ne na lissafi, ba ƙidayar gawa ɗaya bayan ɗaya ba, kuma masana na iya saɓani a kan girman adadin. Amma ko da an raba shi biyu, an kuma sake rabawa, abin da ya rage ya fi ƙarfin a kau da kai.

Me ya sa kare ko kura ba za su maye gurbin ungulu ba, tunda su ma mushe suke ci? Amsar tana cikin halittar ita ungulun. Ruwan cikinta yana da tsami ƙwarai, har yana kashe mafi yawan ƙwayoyin cutar da ke cikin ruɓaɓɓen nama, wato cuta ta shiga cikinta ta ƙare a nan. Kare kuwa yakan ɗauki cuta ya kai ta cikin gida, inda yara ke wasa. Bugu da ƙari, ungulu tana da saurin gano mushe, domin tana shawagi a sama ba tare da kaɗa fiffike sosai ba, tana duban ƙasa tana kuma lura da 'yan'uwanta, da zarar ɗaya ta sauka sauran su biyo. Babban maiki na yankin Sahel ma an taɓa samun ya yi karo da jirgin sama a samaniyar Abidjan a 1973, a tsayin da ya kai mita 11,300. Wani gwaji da Darcy Ogada da abokan aikinta suka yi a Kenya, aka wallafa a 2012, ya nuna cewa mushen da ungulaye ba su sauka a kansa ba yakan ɗauki kusan ninki uku na lokaci kafin ya ƙare, kuma dabbobi masu shayarwa sukan fi taruwa a kansa suna cuɗanya da juna. Wani abin sha'awa da masana asalin halittu suka tabbatar shi ne, ungulayen nahiyar Amurka da na Afirka da Asiya ba daga tushe guda na kusa suka fito ba. Aiki iri ɗaya ne ya sa suka yi kama, har da sanƙon, wanda ke rage mannewar ƙazanta a ka, yana kuma taimakawa wajen daidaita zafin jiki.

A Afirka matsalar ta sha bamban da ta Indiya, kuma ta fi wuyar magani, domin ba ƙwaya ɗaya ce za a haramta a huta ba. Wani masanin tsuntsaye Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin mota a Burkina Faso da Mali da Nijar tsakanin 1969 da 1973 yana ƙirga tsuntsayen da ya gani, sannan ya sake bin hanyoyin nan bayan kimanin shekaru talatin. Ya tarar manyan nau'o'in ungulu sun kusa ƙarewa a wajen gandun dajin da hukuma ke karewa. A 2015 aka sanya ƙaramar ungulun nan ta cikin gari, wadda kowa ya sani a mayanka, cikin jerin halittun da ke bakin ƙarewa a duniya. Nazarin da Ogada da wasu masana suka wallafa a 2016 ya danganta kimanin kashi 61 cikin ɗari na mace-macen ungulayen da aka rubuta a nahiyar ga guba, kashi 29 kuma ga cinikin sassan jikinsu domin maganin gargajiya. Makiyayi kan zuba maganin ƙwari a mushe don ya kashe kurar da ta ci masa dabba, sai ungulaye su riga kurar zuwa. Masu farautar hauren giwa kuwa da gangan suke yi, domin jewar ungulu tana tona musu asiri ga masu gadin daji. A Botsuwana an tsinci gawar ungulaye 537 a wuri guda a 2019, a Gini Bisau kuma fiye da dubu biyu suka mutu a 2020, an kuma tarar an yanke kawunan da yawa daga cikinsu.

Batun kawunan nan shi ne inda Nijeriya ta shigo, kuma ba shiga mai daɗin faɗa ba ce. Ƙasar tana cikin manyan kasuwannin sassan ungulu a Afirka ta Yamma, har ana shigo da su daga ƙasashen maƙwabta tun da na gida suka yi ƙaranci. Masu saye sun yi imani cewa tsuntsuwar da ke hango mushe daga nesa za ta iya sa mutum ya hango abin da ke tafe, ko ya yi sa'a a kasuwa ko a caca. Yadda ungulu ke ƙara wuyar samu, haka farashinta ke hawa, haka kuma mafarauta ke ƙara himma. Doka dai akwai ta, tun dokar kare halittun da ke cikin haɗari ta 1985 wadda aka yi wa gyara a 2016, amma dokar da ba ta isa rumfar ɗan magori ba takarda ce kawai. Hanyar da Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya ta bi, ta zama da ƙungiyoyin masu maganin gargajiya don su koma ga itatuwa da saiwoyi maimakon sassan ungulu, ta fi kama da abin da zai ɗore, domin ba ta raba mutum da abincinsa ba.

Mai ƙorafi zai iya cewa jama'ar da ke fama da tsadar abinci da rashin tsaro ba su da lokacin kukan ungulu, kuma aikin kwashe mushe na ƙaramar hukuma ne, ba na tsuntsu ba. Ƙorafin yana da ƙanshin gaskiya, sai dai ya juya lissafin. Ƙasar da ke da mayankai na zamani da motocin kwashe mushe da wadatacciyar allurar haukan kare ita ce za ta iya jure rashin ungulu. Ƙauyen da jaki zai mutu a bakin rafi ya kwana bakwai ba wanda ya taɓa shi, alhali daga rafin nan ake ɗiban ruwan sha, shi ne ya fi kowa buƙatarta. Talaka ne ke cin moriyar aikin ungulu kyauta, shi ne kuma zai biya kuɗin asibiti idan ta tafi.

Malamin makaranta yana da abin yi a nan fiye da yadda ake zato, musamman malamin Hausa, domin harshen cike yake da ungulu. Ana cewa ungulu ba ta jewar banza, ana cewa ta koma gidanta na tsamiya, ana kuma kiran yaudara ungulu da kan zabo. Waɗannan maganganu shaida ce cewa magabata sun lura da ɗabi'un tsuntsuwar lura ta ƙwarai, amma ɗalibin da bai taɓa ganin jewa ba, haddace su kawai zai yi. Malamin da ya tura ɗalibansa su tambayi dattawan mahauta yaushe rabonsu da ganin ungulu, da nawa suke gani a dā, ya koyar da dabarun hira da rubuta rahoto, ya kuma tattara bayanin da masana ke nema. Aikin Thiollay kansa bai wuce ido da littafi da alƙalami da haƙuri ba. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos tana gudanar da shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda ya dogara ga bayanan 'yan sa-kai, kuma Asabar ta farko a watan Satumba ita ce ranar wayar da kai game da ungulu a duniya.

Dalilin gaggawa kuwa yana cikin yadda ungulu ke haihuwa. Ƙwai ɗaya tak take sakawa a shekara, ɗan kuma sai ya shekara da dama kafin shi ma ya fara haihuwa. Saboda haka garken da guba ta kashe da hantsi guda, sai an yi shekaru gomomi kafin a mayar da shi. Indiya ta haramta dikilofenak ga dabbobi tun 2006, ta samar da madadinsa mai suna melosikam wanda ba ya cutar da tsuntsayen, ta kafa cibiyoyin kiwon ungulu, a 2015 kuma ta hana sayar da manyan kwalaben maganin na mutane da ake karkatarwa ga shanu. Duk da wannan ɗawainiya, abin da aka samu shi ne raguwar ta lafa, amma yawan ungulayen ƙasar bai kai ko kusa da yadda yake a farkon shekarun 1990 ba.