Sharhi: Dattawa da motsa jiki: Yadda "Baba zauna ka huta" ke zama cuta

Ranar 1 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce Ranar Tsofaffi ta Duniya, wadda Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya ware tun a 1990. A Najeriya ranar ta zo daidai da bikin samun 'yancin kai, don haka fareti da jawabin Shugaban Ƙasa kan shanye ta. Idan ma an tuna da dattawa, maganar ba ta wuce fansho da kuɗin magani da rabon kayan abinci. Abin da ba a cika taɓowa ba shi ne yadda dattijo ke ƙarar da yininsa: shin yana tashi ya taka ƙafa, kuma yana da wanda zai taka tare da shi?

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fitar a 2020 ta shawarci mai shekara 65 zuwa sama ya riƙa motsa jiki matsakaici, kamar tafiya da ɗan sauri, na minti 150 zuwa 300 a mako. Ta ƙara da atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu a mako, da na daidaita tsayuwa sau uku domin kauce wa faɗuwa. Lissafin mai sauƙi ne, rabin awa a kwana biyar ya wadatar. Sai dai lissafi bai taɓa tayar da kowa daga kan tabarma ba.

A yawancin gidajen ƙasar nan, abin da ke zaunar da dattijo ba jahilci ba ne, girmamawa ce. Da ya ɗauki tsintsiya ko bokiti, jika zai karɓe. Da ya nufi masallaci ko coci da ƙafa, wani zai tsayar da babur. Ɗan da ya bar mahaifinsa yana doguwar tafiya a ƙasa zai sha zunɗe, a ce ya samu duniya ya manta da tsoho. Tarbiyya ce mai kyau, amma a hankali sai ta raba mutum da 'yan ƙananan ayyukan da ke riƙe masa gwiwa. Shi ma dattijon yana da tasa kunyar. Mai furfura da aka gani da asuba cikin takalmin gudu yana wurga hannuwa, ko dai a ce likita ya ba shi wa'adi, ko a ce ya ƙi yarda ya tsufa.

Wannan matsala ta fi kama mazauna birane. Tsohon manomi a karkara yana motsa jiki fiye da abin da WHO ta nema, ko da yake shi tilas ce ta sa, kuma sau da yawa hutun ne ya rasa. Amma ma'aikacin gwamnati da ya ajiye aiki bayan shekara 35 na hidima, ko da ya cika shekara 60, yakan rasa abubuwa da dama a rana ɗaya: dalilin fita da safe, abokan hira, da masu tashi su gaishe shi. 'Ya'ya sun watsu zuwa Abuja da Legas da ƙasashen waje. Saura talabijin da waya.

WHO ta ƙiyasta cewa kusan dattijo ɗaya cikin huɗu na rayuwa a keɓe daga jama'a, abin da ya sa ta kafa kwamiti na musamman kan zumunci da cuɗanya a Nuwamban 2023. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet kuma, a rahotonsa na 2024, ya lissafa rashin motsa jiki da kaɗaici cikin abubuwa 14 da ke ƙara haɗarin cutar mantuwa waɗanda za a iya magancewa. Abubuwan biyu suna ciyar da juna. Wanda ya daina fita, ƙafarsa na raunana. Idan ya faɗi sau ɗaya a banɗaki, tsoro ya shige shi, iyali su ƙara tsare shi, ƙafar ta ƙara mutuwa, sai ya daina zuwa ɗaurin aure da jana'iza, daga nan masu leƙo shi su ragu. Abin da ake kira rigimar tsufa a gidaje da yawa, wani lokaci ciwon damuwa ne da ba a gane ba.

Shi ya sa tsare-tsaren da suka ɗore a wasu ƙasashe suka fara da tara mutane, ba da wa'azin lafiya ba. A Ingila, ƙungiyar Chesterfield ta ɓullo da ƙwallon ƙafa ta tattaki a 2011 domin waɗanda suka haura 50, inda gudu laifi ne. A garin Nkowankowa na lardin Limpopo a Afirka ta Kudu, Beka Ntsanwisi ta tara kakanni mata suna motsa jiki, har abin ya zama ƙungiyar ƙwallo ta Vakhegula Vakhegula tun kafin Gasar Kofin Duniya ta 2010. A 2023 yankin ya karɓi gasar kakanni ta ƙasa da ƙasa, da tawagogi daga Amurka da Faransa da wasu ƙasashen Afirka. Sirrin a fili yake: wanda ya san za a tambayi dalilin rashin zuwansa ba ya son fashi, kuma ganin sa'arka na yin abu ya fi jawabin likita cire tsoro. Kunyar da ke kama mutum ɗaya ba ta kama mutum ashirin.

Labarin Fauja Singh, ɗan asalin Punjab na Indiya, ya nuna fuska biyu ta lamarin. Baƙin cikin rasuwar matarsa da ɗansa ne ya kai shi ga gudu bayan ya koma Landan, ya kuma shiga gudun fanfalaki na farko a 2000 yana da shekara 89. A 2011 ya kammala na birnin Toronto yana da shekara 100, duk da cewa kundin bajinta na Guinness bai amince ba saboda ba shi da takardar haihuwa. A Yulin 2025 mota ta buge shi yana tsallaka titi a ƙauyensu, ya rasu. Jikinsa ya jure tsufa, titin ne bai ba shi hanya ba.

Duk wanda ya san titunan Kano ko Onitsha ko Ibadan zai gane wannan haɗari. Hanyar masu tafiya da ƙafa, inda aka yi ta, 'yan tireda da babura sun mamaye. Kwatoci a buɗe suke, fitar asuba kuma na tattare da fargabar masu ƙwacen waya. Tsohon Shugaban Ƙasa Olusegun Obasanjo, wanda aka haifa a 1937 kuma ya sha bayyana cewa ya daɗe da ciwon suga, ya yi suna da buga sukwash har cikin shekarunsa na tamanin. Misali ne mai amfani, domin ya nuna cewa gumi ba ya zubar da girma. Amma ɗakin sukwash da filayen golf da folo na masu hali ne. Tsohon malamin firamare da ke jiran giratuti ba shi da katin shiga.

Ta fuskar doka an yi gaba. Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da Manufar Ƙasa kan Tsufa a 2021, shekarar da Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa ta fara aiki. Ita ce kuma shekarar farko ta shekaru goma da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin tsufa cikin ƙoshin lafiya, zuwa 2030. Hukumar Wasanni ta Ƙasa, da aka dawo da ita a 2024 a madadin ma'aikatar wasanni, hankalinta na kan matasa da lambobin yabo, kamar yadda Bikin Wasanni na Ƙasa ya kasance tun 1973. Dattijo a filin wasa baƙo ne na musamman, a ba shi kujera ya miƙa kofi.

Alhali ba sai an gina sabon abu ba. Majalisar dattawa ta ƙofar gida tana nan, illarta kawai a zaune ake yin ta. Jama'ar da suka idar da sallar asuba tare za su iya zagaya unguwa tare, musamman idan liman ko mai unguwa ne a gaba. Tsofaffin mata, waɗanda al'ada ta fi sakar wa mara wajen zirga-zirga, suna da Islamiyya da zumuntar mata, kuma harabar makaranta mai katanga ta ishe su bayan an tashi yara. Maniyyata ma sun san sa'ayi kaɗai ya kai kimanin kilomita uku, kuma babu mai yi wa tsoho dariya idan ya ce yana gwada ƙafa ne saboda aikin Hajji.

Abin da ya rage shi ne ma'aikacin lafiya da zai auna hawan jini kafin a fara, ya ware masu ciwon zuciya ko gaɓoɓi da ke buƙatar shawarar likita, da kuma fili mai tsaro da inuwa da benci. Waɗannan duka suna ƙarƙashin ƙananan hukumomi 774, waɗanda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa biyan su kasonsu kai-tsaye. Reshen ƙungiyar 'yan fansho na kowace ƙaramar hukuma na iya gabatar da wannan buƙata tun kafin a rufe kasafin shekara mai zuwa.